Filin Lafiyarku: An ga ƙari a ƙwaƙwalwata, in yarda a buɗe mini kai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya saka da alheri bisa wannan fili. Ni malamar makarantar firamare ce a Tudun Wada, nan Kaduna, shekaruna 43, ina da 'ya'ya biyar. Ina roƙon a sakaya sunana.

Tun bara nake fama da ciwon kai wanda ya fi tsananta da asuba, wani lokaci har ya tashe ni kafin kiran salla, sai na yi amai nake ɗan jin dama. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a kemis ban san iyaka ba. Daga baya alli ya fara suɓuce mini daga hannun dama idan ina rubutu a allo, kuma sai in buɗe baki zan kira ɗalibin da na sani sarai, sunan ya ɓace mini. Ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. Kwanakin baya ina cikin Kasuwar Barci yatsun hannuna na dama suka kama karkarwa, abin ya haura har fuska, daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba, sai farkawa na yi a gadon asibiti na ciji harshena.

An yi mini hoton CT, sannan na MRI. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya ce ƙari ne a ɓarin hagu, faɗinsa kamar santimita 4, suna kyautata zaton wanda ake kira meninjiyoma ne, ya kuma ba da shawarar a yi aiki. An ɗora ni a kan Tegretol da deksametason, yanzu ciwon kan ya lafa, hannun ma ya dawo. Maigida yana tare da ni amma tsoro ya kama shi. Surukata da yayyena sun ce ba a buɗe kan mutum ya dawo daidai, ko ya mutu ko ya zauce, kuma faɗuwar da na yi a kasuwa shafar aljanu ce, tun da na samu sauƙi a bar zancen aiki. Likita, wannan kansa ce? Idan sauƙi ya samu, me ya sa za a yi aiki? Zan iya azumi da girki da komawa makaranta? Kuma da gaske ne wayar salula ce ta jawo?

Wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Hukuncin ƙarshe a kan jinyarki yana hannun likitan da ya duba ki ya kuma ga hoton, amma bayanin da kika yi ya wadatar in yi magana kai tsaye, kuma zan fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato sauƙin da kika samu.

Wannan sauƙi na gaske ne, sai dai ba ƙarin ne ya ragu ba. Kowane ƙari da ke danne ƙwaƙwalwa yakan sa naman da ke kewaye da shi ya kumbura da ruwa, kuma sau da yawa kumburin ne, fiye da ƙarin kansa, yake kawo ciwon kai da mutuwar hannu da ɓacewar magana. Aikin deksametason shi ne janye wannan ruwa, yana kuma yin haka cikin kwana ɗaya zuwa uku, har mai jinya ya ga kamar an yi ruwa an ɗauke. Ƙarin yana nan yadda yake, santimita huɗunsa ba ta ragu ba, ranar da aka janye maganin kumburin zai iya dawowa. A wannan gaɓa ce muke rasa mutane da yawa: a sallami mutum da magani, ya ji garau, dangi su ce Allah ya kawo sauƙi, a jefa takardun a ƙarƙashin katifa, sai bayan shekara a dawo da shi ranga-ranga, gani ya tafi ko ɓarin jiki ya shanye, alhali a zuwan farko aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Game da ko kansa ce, idan zaton likitanki ya tabbata, amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a'a. Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani hawa uku, kuma meninjiyoma daga wannan tantani yake tsirowa, daga waje yake danne ƙwaƙwalwar. Kwatankwacinsa ƙwallon goruba ne da aka danna a kan malmalar tuwo: ya lotsa tuwon, amma bai gauraya da shi ba, shi ya sa sau da yawa ake iya ɓamɓare shi gaba ɗaya. Shi ne ya fi yawa a cikin ƙarin da ke samo asali a cikin kai ga manya, yana kama mata kusan ninki biyu na maza, musamman daga shekara 40 zuwa sama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rabe-rabenta na 2021, tana ba ƙarin ƙwaƙwalwa mataki daga 1 zuwa 4 gwargwadon zafinsa. Meninjiyoma yana tsayawa tsakanin 1 da 3, kuma kusan 8 cikin kowane 10 a mataki na 1 suke, masu girma a hankali cikin shekaru, waɗanda ba sa bazuwa zuwa huhu ko hanta. Wannan ya bambanta da dangin giliyoma, masu tsirowa daga cikin naman ƙwaƙwalwar suna kutsawa ba iyaka bayyananniya, waɗanda mafi tsananinsu, giliyobilastoma, yake mataki na 4. Ya kuma bambanta da ƙarin da ya yi ƙaura zuwa kai daga kansar mama ko ta huhu. Duk ukun nan a bakin jama'a suna ɗaya ne, shi ya sa labarin maƙwabcin da aka yi wa aiki ya rasu bayan watanni ba ya gaya miki komai game da naki sai an san wane iri ne nasa.

To in ba kansa ba ce, ina haɗarin? Haɗarin yana ga ƙoƙon kai. Ƙashi ne rufaffe da ba ya buɗawa ga babba, kuma ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo 1.4 tare da jini da ruwanta sun riga sun cika shi. Duk abin da ya ƙaru a ciki, komai lafiyar halinsa, sai ya matse wani abu. Wannan matsi ne yake ƙaruwa idan mutum ya kwana a kwance, shi ya sa ciwon kanki ya fi tsanani da asuba, yake kuma motsawa da tari ko yunƙuri ko sunkuyo. Sauran alamominki kuwa taswirar ƙwaƙwalwa ce ta bayyana su. Ɓarin hagu shi ke sarrafa hannu da ƙafar dama, a nan ne kuma cibiyar magana take ga mafi yawan mutane, gaban ƙwaƙwalwa kuma shi ke riƙe da haƙuri da tsara al'amura. Allin da ya faɗi, sunan ɗalibin da ya ɓace, da fushin da kika rasa dalilinsa, wuri ɗaya suke nunawa. Karkarwar da ta fara daga yatsu ta haura fuska kafin ki faɗi, ita ma haka: wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ce ta rikice a daidai inda ƙarin yake gugar ta, ta bi sassan jiki bi da bi kamar yadda suke jere a can, sannan ta mamaye ko'ina. Farfaɗiyar da ta fara wa babba a karo na farko, musamman wadda ta faro daga gaɓa ɗaya, dalili ne na yin hoton kai ko da babu ciwon kai.

Hoto yana ba da zato mai ƙarfi, amma tabbas sai an kai yankin ƙarin ɗakin gwaje-gwaje an duba shi a ƙarƙashin madubin likita, sakamakon kan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni. A ƙasarmu wannan yana da muhimmanci na musamman, domin tarin fuka yakan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa wanda a hoto zai iya kama da ƙari, shi kuwa da ƙwayoyin tarin fuka ake maganinsa. Bayan aiki ki tabbatar an kai samfurin, an karɓo sakamakon, kin kuma ajiye kwafinsa, domin a kansa ne duk shawarar gaba za ta ginu.

Yanzu ga maganar buɗe kai. Tsoron Hajiya surukarki ba abin dariya ba ne, kuma ba zan ce miki aikin ba shi da haɗari ba. Ana iya zubar da jini da yawa, domin meninjiyoma ƙari ne mai yawan jijiyoyin jini, shi ya sa za a ce ku kawo masu ba da jini tun kafin ranar. Rauni yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, hannun dama ko magana suna iya yin rauni na ɗan lokaci ko na dindindin, kuma akwai waɗanda ba sa tashi, ko da yake su ne 'yan kaɗan a irin wannan aiki. Amma cewa ba a buɗe kai a dawo daidai, wannan ba haka ba ne. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, yau kuma ana yin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Akwai malamai da 'yan kasuwa da matan aure da suke harkokinsu a garin nan da tabon aiki a ƙarƙashin hula ko ɗankwali, ba wanda ya sani sai na gida.

Yadda abin yake shi ne, za a sa ki barci gaba ɗaya, a aske gashin wurin, a yanka fata, a ɗaga wani yanki na ƙashi a ajiye shi gefe, a raba ƙarin da ƙwaƙwalwa a hankali, sannan a mayar da ƙashin mazauninsa a ɗinke. Yakan ɗauki sa'o'i da dama, kuma galibi akan kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Za ki farka da naɗin bandeji, wataƙila da siririyar roba mai fitar da ruwa, fuska da fatar ido a kumbure na 'yan kwanaki, wanda yakan firgita 'yan dubiya fiye da mai jinyar. Akan cire zare bayan mako ɗaya zuwa biyu, gajiya kuwa takan ɗauki makonni. Ƙarin da yake saman ƙwaƙwalwa dab da ƙoƙon kai ya fi sauƙin kaiwa a kan wanda yake can ƙasan kai tsakanin manyan jijiyoyi, saboda haka idan kika koma ki tambayi likitanki ƙarara a ina naki yake, yana sa ran cire shi duka ko zai bar wani yanki, me ya fi tsoro a naki aikin, kuma me yake ganin zai faru idan aka jinkirta wata shida. Ki rubuta tambayoyin a takarda tun daga gida, ki je da maigida, domin wanda ake gaya wa labarin ciwonsa ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa. Neman ra'ayin wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na biyu haƙƙinki ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin haka.

Gaskiya ne ba kowane meninjiyoma ake yi wa aiki ba. Ƙarami da aka gano bisa tsautsayi, wanda ba ya damun mai shi, musamman ga tsoho, akan bar shi a riƙa maimaita hoto ana lura da girmansa. Naki ya kai santimita 4, ya kumbura ƙwaƙwalwa, ya taɓa hannu da magana, ya kuma kayar da ke a kasuwa, ga shi kina da shekara 43. A ganina shawarar likitanki tana kan hanya. Idan an cire shi duka kuma gwaji ya nuna mataki na 1, sau da yawa ba a buƙatar komai sai hoton bibiya lokaci-lokaci na shekaru, domin yakan sake tsirowa ga wasu. Idan an bar saura ko matakin ya haura, akan ƙara da haska wurin da na'ura, abin da masu jinya ke kira gashi, kwana biyar a mako har tsawon mako biyar zuwa shida.

Kafin ranar aiki, rayuwarki tana rataye da ƙwayoyin nan biyu, don haka bari in tsaya a kansu. Deksametason magani ne na ɗan lokaci. Yana ɗaga sukarin jini har ga wanda bai taɓa ciwon suga ba, yana ƙona ciki, yana hana barci, yana buɗe ciki da cin abinci, fuska ta yi fam, cinyoyi su yi rauni har tashi daga tabarma ya zama aiki, yana kuma rage ƙarfin garkuwar jiki. Ki sha shi bayan kin ci abinci, kaso na ƙarshe kada ya wuce la'asar idan likita ya amince, ki auna suga a kai a kai, kuma idan kika ga ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ki, ki koma asibiti. Abu biyu ne ba a yi da shi. Ba a yanke shi rana ɗaya bayan an ɗauki makonni ana sha, domin jiki ya daina sarrafa nasa sinadarin, yankewar na iya sa jini ya faɗi mutum ya suma, sai dai likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. Ba a kuma ci gaba da sayensa a kemis wata da watanni don an ji daɗinsa, wanda shi ne abin da na fi gani ga waɗanda suka gudu daga aiki, sai su dawo da ƙarin da kuma cutar maganin.

Tegretol kuwa shi ne katangar da ke tsakaninki da faɗuwa ta biyu, kuma ba ya aiki sai an sha shi a kan lokaci kullum, ko ana jin lafiya ko ba a ji. Tsallake shi, da rashin barci, da zazzaɓi, su ne suka fi tayar da farfaɗiya. Ki ɗaura shansa da wani abin da ba ya wuce ki, kamar sallar asuba da ta isha'i, ki kuma sayi na gaba tun saura na mako guda. Yakan kawo jiri da barci da gani biyu-biyu a farko, amma idan ƙuraje suka feso miki, musamman tare da zazzaɓi ko gyambo a baki da jan ido, wannan na gaggawa ne, a ranar za ki ga likita. Akwai wasu magungunan da za a iya sauya miki, irin su Keppra, wanda shi kuma yakan ƙara wa wasu saurin fushi. Ki nisanci tiramol ko da wani ya ba ki don ciwon kai, domin yana tayar da farfaɗiya, ki kuma bar asfirin da dangin magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak, saboda suna ƙara zubar jini a wurin aiki, suna kuma haɗuwa da deksametason su ci ciki. Farasitamol ya isa, in bai isa ba likita za ki gaya wa.

Akwai maganar da mata kan ji nauyin tayarwa, ni zan tayar miki. Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, har ciki ya iya shiga ba a shirya ba, ga shi meninjiyoma yakan ƙara girma a lokacin goyon ciki. Ta ɗaya ɓangaren, wani babban bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2024 ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana yin allurar tazara ta wata uku, Depo-Provera, da samuwar meninjiyoma. Wannan ba dalili ba ne na firgita sauran mata, domin cutar ba ta da yawa, amma ke da aka riga aka ga ƙarin, ki gaya wa likitanki hanyar da kike bi, a zaɓa miki wadda ba ta karo da jinyarki, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe. Amma wayar salula, ki cire ta daga ranki: babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakaninta da kansar ƙwaƙwalwa ba. Abin da aka tabbatar yana jawo irin wannan ƙari shi ne haska kai da na'urar gashi tun ƙuruciya, da wasu cututtukan gado da ba su da yawa. Ga akasarin masu shi ba a samun wani dalili, kuma ba abin da kika ci ko kika aikata ba ne.

Mutanen gidanki suna buƙatar sanin abin yi idan farfaɗiyar ta dawo, har da manyan 'ya'yanki, domin yaron da aka koya wa abin yi ya fi wanda aka ɓoye masa natsuwa. A janye duk abin da zai ji miki rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta ɗankwali da wuyan riga, a duba agogo, da jijjigar ta lafa a juya ki ki kwanta a gefe don yawu ya fita. Kada a danne ki, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Kada a ɗura ruwa ko rubutu ko man ja, kada a turara hayaƙi a hanci, mai jijjiga ba ya iya haɗiya, abin huhu yake wucewa. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa cutar, wanda ya taɓa shi babu abin da zai same shi. Yawanci takan tsaya da kanta cikin minti biyu zuwa uku. Idan ta wuce minti 5, ko ta maimaitu ba ki farfaɗo a tsakani ba, a nufi asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa. Haka nan idan ciwon kai ya yi tsananin da ba ki saba ba tare da amai ba ƙaƙƙautawa, ko barci ya yi miki nauyi har tayar da ke yana wuya, ko gani ya dushe, ko hannu da ƙafa suka sake mutuwa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Girki ba a hana ki ba, wuta ce abin tsoro. Mummunan ƙunar da muke gani ga masu farfaɗiya a bakin murhu da kaskon suya take faruwa. Ki yi yanke-yanke da haɗe-haɗenki a zaune nesa da wuta, wani ya ɗora ya sauke, kada ki yi suya da mai mai yawa ke kaɗai a gida. Jan ruwa a rijiya ki bar wa yara, wanka kuma da bokiti da kofi, ba tare da kin sa sakata ba. Tuƙi babu shi yanzu, a Ingila ma doka sai mai farfaɗiya ya shekara bai faɗi ba kafin ya koma tuƙi, kuma Keke Napep ya fi miki acaɓa. Tun da taki takan faro da karkarwar yatsu, kina da 'yan daƙiƙu na gargaɗi, da kin ji ta ki zauna a ƙasa ki kira na kusa. Makaranta kuwa ina ganin ki koma idan jiki ya yarda, da sanin shugabar makarantar da wata abokiyar aiki ɗaya da ta san abin yi, domin zaman gida da tunani yana da nasa ciwon. Mantuwar suna da gajiyar rana ki yi musu dabara da littafin rubutu da rage darussan bayan azahar. Idan kuwa baƙin ciki ya zauna miki, barci da cin abinci suka gagara, kuka ya zama na kullum, ki faɗa, domin damuwa tana yawan rakiyar wannan cuta kuma tana da magani. Zuwa ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba ya nufin mutum ya zauce. Ki kuma je a duba bayan idonki, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ko wani asibitin ido, saboda matsin cikin kai yana kumbura jijiyar gani a ɓoye, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba kasafai yake dawowa ba.

Azumi a wannan hali, kina shan deksametason, ga farfaɗiyar da ba a daɗe da shawo kanta ba, shawarata ta likita ita ce ki ajiye shi. Sauya lokutan magani, da yunwa, da raguwar barcin Ramadan, duk suna buɗe wa farfaɗiya ƙofa, kuma rangwamen da aka yi wa marar lafiya a aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara sananne ne, malaminku zai yi miki bayanin ramuwa. Bayan aiki, idan al'amura sun daidaita, mutane da yawa suna komawa azuminsu bayan an tsara musu magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Idan sujada tana tayar miki da ciwon kai ko jiri, ki yi salla a zaune da ishara har a rage matsin.

Saura Hajiya da yayyenki. Ban ga amfanin ki tsaya musu da su a kan aljanu ba, kuma ba na hana kowa addu'a ko ruƙiyya, ni ma ina roƙa miki. Sharaɗina uku ne: kada a dakatar da ƙwaya ko ɗaya saboda wani ya ce magani biyu ba sa haɗuwa, kada a ba ki jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba alhali hanta tana fama da Tegretol, kada kuma a ɗage ranar asibiti don a gwada wani wuri tukuna. Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗauki dattijuwar a je da ita ranar ganin likita. A ɗora hoton MRI a jikin fitila, a nuna mata farin dunƙulen da ke ɓarin hagu da yadda ya ture layin tsakiyar ƙwaƙwalwa gefe, ta yi tambayoyinta da bakinta a amsa mata da Hausa. Wanda ya ga abin da idonsa ba kasafai yake komawa yana cewa a bari ba, kuma sau da yawa ita ce za ki ga ta fara kiran dangi a kawo gudummawa.

Gudummawar kuwa za a buƙace ta, domin aikin da hotuna da magani suna cin kuɗi. Ku nemi a rubuta muku ƙiyasin kuɗin a takarda daga asibitin, ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya abin da za su iya ragewa, kuma tun da ke ma'aikaciya ce, ki bincika abin da inshorar lafiyarki ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya take ɗauka da wanda ba ta ɗauka kafin ku sayar da kadara. Ki haɗa hotunan da faifansu da duk sakamakon gwaji a jaka ɗaya da za ki riƙa zuwa da ita kowane asibiti. Idan tara kuɗin zai ɗauki lokaci, ki gaya wa likitan gaskiya don ya tsara rage deksametason, ya kuma sa ranar da za a sake hoto a ga ko ƙarin ya motsa.